SHARHI: Sallama ko kora: Kalmar da ke yanke makomar sojan da yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa

Hanyar da ta tashi daga Minna zuwa Zungeru da Tegina ta Maikunkele take ratsawa. Wannan gari shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bosso, a nan filin jirgin saman Minna yake, kuma a gefen filin akwai sansanin Rundunar Sojin Sama. A cikin Minna kuma akwai Birged ta 31 ta manyan bindigogi, da cibiyar horaswa da tsara dabarun yaƙi ta sojin ƙasa wadda aka fi sani da TRADOC. A da ana lissafa wannan yanki cikin wuraren da soja ke samun sararawa idan ya baro Arewa maso Gabas. Tun da 'yan bindiga suka kafu a dazukan Shiroro da Rafi da Munya da Mariga, hanyar da ta bi ta Maikunkele ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin zuwa fagen daga.

A tsakiyar watan Agustan 2023 aka ga zurfin lamarin. 'Yan bindiga sun yi wa sojoji kwanton ɓauna a kan hanyar Zungeru zuwa Tegina, suka kashe hafsoshi 3 da sojoji 22, suka jikkata 7. Ranar 14 ga watan, jirgi mai saukar ungulu samfurin MI-171 da ya ɗauko waɗanda suka jikkata da wasu daga cikin gawarwakin ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a Ƙaramar Hukumar Shiroro. Hedikwatar Tsaro ta ce jimillar waɗanda aka rasa 36 ne.

Waɗanda suka rasu an yi musu jana'izar girmamawa, kuma doka ta san haƙƙin magadansu, ko da biyan yakan yi jinkiri. Wanda harsashi ya karya wa ƙafa ma ba ya buƙatar dogon bayani, hoton ƙashi ya ishe shi shaida. Akwai rukuni na uku da ba a faye lissafawa ba: waɗanda suka fito daga irin wannan rana jikinsu ba ko ƙwarzane, amma barci ya ƙaurace musu, ƙarar rufe ƙofa tana firgita su, fushinsu ya zama a kusa. Idan irin wannan soja ya kasa ci gaba da aiki, abin da zai ci da iyalinsa har ƙarshen rayuwarsa ya rataya ne a kan kalma guda da za a rubuta a takardar barin aikinsa. Sau da yawa kuma, abin da ke zaɓar kalmar shi ne wanda ya fara ganinsa, likita ko kwamanda.

Ƙofofin fita daga bariki

Soja yana barin aiki ta hanyoyi da dama, amma uku ne suka shafi wannan magana. Ta farko ita ce ritaya ko sallamar da mutum ya nema da kansa bayan ya cika shekarun da aka gindaya. Ana fara samun fansho ne bayan shekara 10 na aiki, iyakar aikin kuma shekara 35. Ta biyu ita ce sallama bisa dalilin rashin lafiya, inda kwamitin likitocin soja ke duba mutum, ya yanke cewa ba zai iya ci gaba ba, ya kuma ƙiyasta girman nakasar da kashi cikin 100. Ta uku ita ce kora, wadda hukunci ce a kan laifi, kuma a bisa al'ada takan tafi da fansho da garatuti gaba ɗaya.

Ma'aikacin tarayya da ke karanta wannan zai fi gane nauyin korar idan ya kwatanta da nasa tsarin. A ƙarƙashin Dokar Gyaran Fansho ta 2014, ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashinsa, gwamnati ta ƙara kashi 10, a zuba a asusun ajiya mai ɗauke da sunansa. Duk yadda ya rabu da ofis, abin da ya taru a asusun yana nan da sunansa. Soja ba shi da irin wannan asusu. Tun gyaran dokar da aka yi a 2011 aka fitar da sojoji daga tsarin karo-karo, aka mayar da su tsohon tsari inda gwamnati ke biya kai-tsaye ta hannun Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja. An yi haka ne domin a kyautata musu, kuma ga wanda ya fita lafiya tsarin ya fi alheri. Sai dai fanshon soja alƙawari ne da ke jiran ranar fita. Idan ranar ta zo da kalmar kora, shekara tara ko goma sha tara da ya yi a daji ba su bar masa komai a ajiye ba.

Ba kuɗin wata kaɗai ke salwanta ba. Tsofaffin sojoji suna samun kulawar asibiti ta hannun kamfanin inshorar lafiya na ma'aikatar tsaro, DHML. Akwai horon koyon sana'a da ake bai wa masu shirin ritaya a cibiyar sake tsugunar da sojoji da ke Oshodi a Legas. Akwai alawus na SDA, wanda ake biya domin kada tsohon soja ya juya ƙwarewarsa ta makami a kan ƙasa. Korarre yana wajen wannan da'ira, wato mutumin da ya fi kowa buƙatar likita shi ne aka fara yanke wa hanyar zuwa wurin likita.

Abin da sanarwar Satumban 2024 ta bayyana

Ba kasafai jama'a ke jin yadda ake lissafin sallamar rashin lafiya ba. Wata dama da aka samu ita ce a watan Satumban 2024, lokacin da kakakin Rundunar Sojin Ƙasa na wancan lokaci, Manjo Janar Onyema Nwachukwu, ya yi wa manema labarai bayani kan wata soja mace mai muƙamin farabiti. A farkon shekarar ta fito a TikTok ta zargi wasu manyan hafsoshi da cin zarafinta. Rundunar ta ce bincikenta bai tabbatar da zargin ba, ta ce an duba lafiyar matar a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, kuma an sallame ta bisa dalilin lafiya. Ta ƙara da cewa ko da yake ba ta cika shekara 10 ba, an ƙiyasta mata nakasar kashi 50 cikin 100, don haka za ta riƙa karɓar fansho a kan wannan ma'auni har tsawon rayuwarta, tare da alawus na SDA da kuɗin kwashe kaya. Matar ta fito ta musanta bayanin da aka yi a kan lafiyarta.

Abubuwa biyu ne suka fito daga wannan lamari, kuma suna jan juna ta fuskoki mabambanta. Na farko, rundunar da bakinta ta tabbatar da cewa larurar ƙwaƙwalwa tana iya zama dalilin fanshon nakasa, ko da mutum bai kai shekarun fansho ba. Wannan babban abu ne, kuma ya kamata kowane kurtu da iyalinsa su san shi. Na biyu, bayanin likita wuƙa ce mai baki biyu. Yana iya zama garkuwar da za ta tsare wa soja haƙƙinsa, yana kuma iya zama hanyar da za a bi a rage wa maganar mai ƙorafi nauyi a idon jama'a. Ba sai an yanke hukunci kan wanda ke da gaskiya a wancan lamari ba kafin a ga matsalar tsari: hukumar da ake ƙorafi a kanta ita ce ke tura mutum wurin likita, ita ce ke karɓar sakamako, ita ce kuma ke sanar da duniya. Ko da an yi komai bisa gaskiya, tsarin bai bar wa na waje hanyar gamsuwa ba.

Yadda ciwo ke rikiɗa ya zama laifi

Larurar da likitoci ke kira PTSD, wato firgicin da ke biyo bayan ganin mummunan tashin hankali, tana da alamomi sanannu. Abin da ya faru yana dawo wa mutum a farke da cikin mafarki, yana guje wa duk abin da zai tuna masa da shi, barci yana gagararsa, yana zama cikin shirin ko-ta-kwana ko da babu barazana. Wani lokaci alamomin ba sa cika bayyana sai bayan wata shida ko fiye. Ciwo ne da ake magancewa ta hanyar zama da ƙwararre da kuma magunguna, kuma da yawa daga masu fama da shi suna warkewa su ci gaba da aikinsu.

A cikin bariki, kowace alama tana da wani suna a Dokar Rundunonin Soja. Wanda ya kasa tilasta wa kansa komawa inda aka kashe abokansa, ya ƙara kwanaki a gida, ya faɗa sashe na 59 na rashin zuwa aiki ba izini, ko sashe na 60 na gudu daga aiki. Wanda fushi ya kwashe shi ya ɗaga wa na gaba da shi murya ya yi rashin ɗa'a. Wanda ya koma shan ƙwaya domin ya samu barci ya yi laifin ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Wanda ya ce ba shi da lafiya alhali babu rauni a jikinsa ana iya tuhumarsa da ciwon ƙarya, wanda shi ma laifi ne a dokar. Sashe na 103 kuma, na aikata abin da ke zubar da ladabtarwar aiki, yana da faɗin da zai kwashe sauran. Dokar ta ba kwamanda ikon yi wa ƙaramin soja shari'ar take-yanke a ofishinsa, har ya kore shi, ba tare da an kafa kotun soja ba.

Tarihin baya-bayan nan ya nuna cewa irin wannan hukunci yana iya yin gaggawa. A ƙazamin lokacin yaƙi da Boko Haram, tsakanin 2014 da 2015, an kori dubban sojoji bisa laifuffukan da suka shafi fagen daga. Da aka kafa kwamitin sake dubawa a ƙarƙashin Manjo Janar Adeniyi Oyebade, rundunar ta sanar a watan Satumban 2015 cewa ta mayar da 3,032 bakin aiki. Wancan bita ba a kan lafiyar ƙwaƙwalwa aka yi shi ba, amma ya kafa hujja cewa rundunar tana iya waiwayar hukuncinta ta gyara, kuma ladabtarwa ba ta rushe ba saboda haka.

Akwai kuma abin da ke faruwa idan ba a ga alamar da wuri ba. A watan Fabrairun 2020 wani kofur ya harbe abokan aikinsa huɗu a Malam Fatori ta Jihar Borno, ya kuma hallaka kansa. A watan Maris na 2023 makamancin haka ya faru a sansanin Rabah ta Jihar Sakkwato, inda kwamandan sansanin na cikin waɗanda suka rasu. Ba daidai ba ne a liƙa wa matattu sunan wani ciwo daga nesa, kuma mafi yawan masu fama da firgici ba sa cutar da kowa. Abin lura shi ne duk lokacin da irin haka ta faru, maganar daɗewar sojoji a fagen daga ba canji ce ke tasowa. Ita ce kuma ƙorafin da sojoji suka yi a filin jirgin saman Maiduguri a watan Agustan 2018, lokacin da suka ƙi amincewa a tura su Marte, suna cewa sun shafe shekaru ba a sauya su ba.

Giɓin da ke tsakanin dokoki

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke aiwatarwa, ta amince a sashenta na 8 cewa matsananciyar damuwar da wani mummunan lamari a wurin aiki ya haifar abin biyan diyya ce. Amma sashe na 3 na dokar ya cire sojoji, in ban da farar hular da ke aiki da rundunonin. Ma'ana, akawun da ke ofishin bariki yana da sashen doka da ya ambaci raunin zuciyarsa da suna, sojan da ya kwaso gawar abokinsa daga daji kuwa sai abin da dokar fanshon sojoji da ƙa'idojin cikin gida suka tanadar masa.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Ta hana nuna wariya, ta tsare sirrin majinyaci, ta kuma hana mai aiki ya kori ma'aikaci don kawai yana da larura ko ya taɓa yin ta. Aikin soja yana da sharuɗɗan ƙoshin lafiya da ba za a iya sassautawa ba, domin babu mai son a miƙa bindiga ga wanda ba ya cikin natsuwa. Duk da haka, ruhin dokar ya shafi yadda ake fitar da mutum da abin da ake ba shi idan zai tafi. Wurin da ya dace a haɗa dokokin biyu shi ne kundin ƙa'idojin aikin soja na bai-ɗaya, HTACOS, wanda Shugaba Bola Tinubu ya amince da sabon bugunsa a ƙarshen 2024.

Wani ƙulli kuma shi ne yunƙurin kashe kai, wanda sashe na 231 na dokar hukunta laifuffuka ta Arewa da sashe na 327 na takwararta ta Kudu suka mayar laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Sojan da ya kai wannan gaɓa yana da dalili biyu na yin shiru: tsoron hukunci da tsoron a ce masa rago.

Ba a rasa sanin matsalar a sama ba. A watan Oktoban 2022, wajen aza harsashin cibiyar kula da masu fama da firgici ta sojoji a Abuja, wadda ƙungiyar matan hafsoshin tsaro da 'yan sanda ta DEPOWA ta jagoranta, Hajiya Aisha Buhari ta bayyana cewa mijinta ya yi shekaru yana fama da wannan larura bayan Yaƙin Basasa da tsarewar da aka yi masa. A 2023 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga gasar Invictus ta sojojin da suka jikkata, a Mayun 2024 kuma Yarima Harry na Birtaniya ya ziyarci Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna. Waɗannan sun taimaka wajen rage kunyar maganar. Gini da gasa, duk da amfaninsu, ba sa sauya abin da aka rubuta a takardar sallama.

Darasin Amurka da Birtaniya

Amurka ta bi wannan hanya, kuma ta bar alƙaluma. A can ma nau'in sallama ne ke buɗe ko rufe ƙofar ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji. Ƙungiyar tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam ta gano daga takardun gwamnati cewa tsakanin 2001 da 2010 an sallami sojoji fiye da 31,000 da sunan matsalar ɗabi'a, wadda ake ɗauka mutum ya zo da ita tun daga gida, don haka babu diyyar nakasa. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta nuna yadda aka yi amfani da wannan suna a kan wasu da suka kai ƙarar cin zarafi. A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin ƙasar ya duba sojoji 91,764 da aka kora bisa rashin ɗa'a tsakanin 2011 da 2015, ya gano cewa kashi 62 cikin 100 likita ya riga ya same su da firgici ko raunin ƙwaƙwalwa ko wata larura makamanciya cikin shekara biyu kafin korar.

Gyaran da aka yi a can na takarda ne. A 2014 sakataren tsaro Chuck Hagel ya umarci kwamitocin gyara bayanan aiki su sassauta wajen duba buƙatar tsofaffin sojojin da ke da alamun firgici, aka faɗaɗa umarnin a 2017. A shekarar ne kuma aka fara bai wa waɗanda takardarsu ba ta girmamawa ba ce kulawar gaggawa ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Birtaniya kuwa sai a 2006 ta yi afuwa ga sojoji 306 da aka harbe a Yaƙin Duniya na Ɗaya bisa laifin ragwanci da gudu, bayan an daɗe da fahimtar cewa da yawansu firgicin yaƙi ne ya kama su. Afuwar ta zo bayan kusan shekara 90, lokacin da babu mai cin moriyarta sai zuriyarsu.

Bayan an fita, ina za a je?

Ko wanda ya dace da sallamar lafiya, tsugune ba ta ƙare masa ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha nanata cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da aka daɗe da sani a Arewa su ne na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Tsohon sojan da ya zauna da iyalinsa a Maikunkele ko Beji, idan yana buƙatar irin wannan asibiti, Kaduna ce mafi kusa. Jinyar firgici kuwa ba ta zuwa ɗaya ba ce, ana komawa ne a kai a kai, kuma kowace tafiya kuɗin mota ne da na abinci da na mai rakiya.

Kuɗin ma ba ya zuwa cikin sauƙi. A watan Disambar 2024 da Janairun 2025 tsofaffin sojoji sun toshe ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja suna neman bashin ƙarin fansho da alawus. Sashe na 173 na Tsarin Mulki ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi, ya kuma hana a riƙe haƙƙin ɗan fansho sai da dalilin doka. Masu ƙoshin lafiya ne suka iya shimfiɗa tabarma a ƙofar ma'aikata. Wanda ke gudun taro da hayaniya saboda larurarsa ba zai zo ba, matarsa ce za ta riƙa yawo da fayil. Idan Hausawa suka ce an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta, irin wannan gida suke nufi.

Hujjar masu taka-tsantsan

Hafsoshin da ke ɗari-ɗari da sassauci suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Runduna tana tsayuwa ne a kan ladabtarwa, kuma idan kowane mai gudun fagen daga zai fake da ciwon da ba a gani, waɗanda suka tsaya ne za su ɗauki kayan. Ma'aikatan baitulmali su ma za su ce fanshon nakasa nauyi ne na tsawon rai a kan kasafin da tuni ya yi nishi.

Amsar hujja ta farko ita ce tantancewa aikin likita ne, kuma akwai ma'aunai da aka gwada a duniya na rarrabe mai larura da mai kwaikwayo. Duba lafiya kafin hukunci ba ya wanke kowa daga laifi, yana dai sa mai hukunci ya san wanda ke tsaye a gabansa. Amsar ta biyu ita ce lissafin bai cika ba sai an saka abin da ake asara. Gwamnati tana biyan alawus na SDA ne saboda ta yarda cewa mutumin da ya ƙware a makami kuma ya fita hannu rabbana barazana ne. Wannan hujja ba ta raguwa idan mutumin korarre ne mai fama da larura. Sannan sojojin da ke bakin aiki suna kallon yadda aka yi da na gabansu. Wanda ya ga an kori abokinsa bayan ya faɗi damuwarsa zai ɓoye tasa, ya ci gaba da riƙe bindiga.

Abin da ke jiran sa hannu a Abuja

Mafi yawan gyaran da ake buƙata ba sabon gini ba ne, 'yan sakin layi ne a takardun da ke wucewa ta teburin masu karanta wannan shafi. Na farko, a sanya a ƙa'idojin aiki cewa duk sojan da ya yi aiki a fagen daga ba za a kore shi ba sai ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, kuma rahoton ya shiga fayil kafin a yanke hukunci. Majalisar Rundunonin Soja, wadda Shugaban Ƙasa ke jagoranta, tana da ikon yin haka ba tare da jiran sabuwar doka ba.

Na biyu, a wallafa ma'aunin da ake bi wajen ƙiyasta nakasar ƙwaƙwalwa, domin soja ya san dalilin da ya sa aka ba shi kashi 20 aka ba wani kashi 50, kuma a ba shi damar neman ra'ayin likita na biyu daga asibitin da ba na runduna ba. Hanyar ƙorafi da sassa na 178 da 179 na Dokar Rundunonin Soja suka tanada tana bi ne ta hannun shugabannin da ake ƙorafi a kan hukuncinsu, shi ya sa ake buƙatar ido na waje.

Na uku, tunda larurar tana iya bayyana bayan an tuɓe kaki, a kafa kwamitin dindindin da tsohon soja zai iya komawa gabansa da shaidar likita, ya nemi a sauya masa kora zuwa sallamar lafiya. Bitar 2015 ta riga ta nuna cewa abu ne mai yiwuwa. Na huɗu, a raba magani da hukunci: duk wanda ya yi yaƙi ya samu kulawar lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin DHML ko wace kalma ce a takardarsa, kuma a ƙulla yarjejeniya da asibitocin da ke kusa da shi, irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida da manyan asibitocin Minna.

Na ƙarshe ya rataya a kan kwamitocin tsaro na Majalisar Dattawa da ta Wakilai. A zaman kare kasafi, su nemi rundunonin uku su kawo adadin waɗanda aka sallama bisa larurar ƙwaƙwalwa a kowace shekara, da adadin waɗanda aka kora cikin shekara biyu da dawowarsu daga fagen daga, da yawan waɗanda likita ya gani kafin korar. Amurka ba ta fara gyara ba sai da aka ajiye irin waɗannan alƙaluma a gaban majalisa. Tambayar ba ta cin ko kwabo daga kasafi, kuma hadimin da ke shirya wa shugaban kwamiti takardun zama yana iya rubuta ta a shafi guda.